Kofin Da Maigidana Ya Mayar

Gwaggo Delu,

Don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfin kaina. Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ni malamar firamare ce a nan Gombe, a unguwar Arawa muke zaune, kuma ban saba kai kukana waje ba. Amma wannan magana ba ni da wanda zan gaya wa a gida, domin duk wanda na duba yana cikinta. Na sake sunayen mutane. Shi kuwa maigidana da ma ba na faɗin sunansa, Baban Bilkisu nake ce masa.

Bari in fara gaya miki ko wane ne shi, don kada ki ɗauka irin mazan nan ne da ake kawo miki ƙararsu. Tela ne, yana da shago a bakin kasuwa. Ba ya shan taba, goro ma sai an matsa masa. Abu ɗaya ne ya shiga ransa tun yana saurayi, shi ne tseren keke. Da ya idar da sallar asuba sai ya kama hanyar Dukku ko ta Biu, ya dawo sharkaf da gumi kafin in gama dama koko, ya yi wanka ya tafi shago. Lokacin da aka biya mu ariyas na ƙarin albashin Udoji, abokan aikina mata wasu suka sayi gado mai rumfa, wasu rediyo mai kaset, maza kuwa kowa sai babur. Ni na tattara nawa na ƙara masa, aka kawo masa keken tsere daga Kano, mai siririyar tayar nan. An sha yi mini dariya a ɗakin malamai, wai a zamanin da kowa ke neman inji ni na saya wa miji wahala. Ko a jikina. Tun da tsohon kekensa na hawa ya ci tseren ranar tunawa da 'yancin kai sau biyu, daga Gombe zuwa Kumo a dawo, bara kuma ya ci na uku da sabon. Masu dariyar nan su ne suka riga ni rangaɗa guɗa.

'Yan tseren garinmu suna da wata al'ada, ba doka ba ce, amma kowa yana binta. A Kumo, inda ake juyowa, kowane ɗan tsere yana da mai riƙe masa gora. Idan mai aure ne, matarsa ce za ta dama kunun, wani namiji daga danginta kuma ya kai gorar ya tsaya a bakin hanya, ya miƙa masa yana wucewa. Abin taƙama ne, yana nuna surukan mutum sun yarda da shi. Da can ƙanena ne yake kaiwa, suna wasansu suna tsokanar juna. To bana yana karatu a Zariya. Sai babban yayana, Yaya Yuguda, ya ce shi da kansa zai kai. Ranar da Baban Bilkisu ya ji haka har kasa cin abinci ya yi don murna, domin Yaya ba sa'an wasansa ba ne, mutum ne da yake durƙusawa ya gaishe shi.

Yaya Yuguda direban babbar mota ne, yana kai auduga Ikko ya ɗauko siminti. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne ubanmu. Shi ya tsaya na shiga kwalejin horon malamai, shi ya ɗauki akwatina a ka daga tasha har bakin ƙofar makaranta, ƙato da shi, 'yan mata suna leƙensa. Shi ke ciyar da Iya, mahaifiyarmu, a gidansa na Shamaki. Ban taɓa roƙonsa abu ya ce babu ba. Ina faɗa miki wannan ne don ki san ba mugu nake ba ki labari ba.

Ranar tsere na dama kunun tsamiya na sa zuma kaɗan, na tace sau biyu yadda yake so, na cika gora na ba Yaya. Akwai wani abokin karawar maigidana, Noah, mutumin Kaltungo, yana aiki a gidan waya. Shekara da shekaru shi ke zuwa na biyu, bana kuwa ya shirya sosai, har aka juyo a Kumo shi ne a gaba da nisa. Baban Bilkisu ya karɓi gora ya shanye. Ya ce ya ji ɗan ɗaci a ƙarshe, ya ɗauka tsamiya ce ta yi yawa. Bayan ɗan lokaci sai ya daina jin ƙafafunsa, gajiyar duk ta ɓace. Ya wuce Noah a hawan nan na shigowa gari, inda kowa yake miƙewa tsaye a kan feda yana nishi, shi ko a zaune ya haye. Da ya iso filin taro mutane suka ɗaga shi sama, makaɗa suna wasa shi, aka ba shi kofi. Ni ma ina can cikin mata da ɗalibaina, har ɗankwalina ya faɗi ban sani ba.

Da muka dawo gida na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutumin da in ya yi tsere yake cin tuwo malmala biyu ya faɗi ya yi ta minshari, sai ga shi ya ƙi abinci, ya kasa zama wuri ɗaya, yana ta surutu yana cije haƙora. Ƙirjinsa yana bugawa har ana gani ta saman riga. Kwana biyu bai runtsa ba. Na matsa masa muka je asibiti. Malamin asibitin ya ɗora masa abin awo a ƙirji, ya dube shi ya tambaye shi me ya sha. Ya rantse ba komai sai kunun matarsa. Gwaggo, irin kallon da malamin nan ya yi mini har yau ina jinsa.

Ana nan sai ga Yaya ya zo taya murna, da zakaru biyu a hannu, Iya tana biye da shi. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Bayan gaisuwa sai ya yi dariya ya ce ai shi ma yana da rabo a kofin nan. Ya laluba aljihu ya fito da ƙwayoyi a naɗe cikin takardar taba, irin waɗanda direbobi ke sha don kada barci ya ɗauke su a hanya. Ya ce da ya ji labarin shirin da Noah ya yi, sai ya ga ba zai yiwu a ce ranar da shi ya riƙe gora ce surukinsa zai faɗi ba, don haka ya daka biyu ya zuba a kunun. Yana faɗa yana jin daɗi, kamar wanda ya yi wa mutum kyautar riga. Baban Bilkisu ya sunkuyar da kai. Da za su tafi ya yi godiyar zakaru, ya raka su har bakin titi yadda ya saba.

Washegari da hantsi ya sauko da kofin daga kan kabad. Keken tsere ba shi da kariyar ɗora kaya, sai ya ce in ba shi majanyin Bilkisu. Ya goya kofin a baya ya ɗaure, ya hau keke ya ratsa ta tsakiyar kasuwa, rana tsaka, kowa yana kallo, har ofishin wasanni. Ya ajiye musu a kan tebur. Ya ce musu ƙarfin da ya ci tseren nan ba nasa ba ne, akwai ƙwaya a jikinsa, kofin Noah ne. Babu wanda ya zarge shi, babu wanda ya gwada shi, da ya yi shiru da shi ke nan har abada. Na tsaya a ƙofar gida ina kallon bayansa da kofin nan a goye, ina kuka, kuma wallahi ba kukan baƙin ciki ba ne. Na yi alfahari da shi ranar da aka ɗaga shi sama, amma bai kai na wannan rana ba. Ki nuna mini namiji ɗaya a jihar Bauchi da zai yi haka.

To daga nan ne wahala ta fara. Kwamitin wasanni suka tambaye shi wa ya ba shi, a ina ya samu. Ya ce shi dai ya faɗi abin da zai faɗa. Ba zai buɗe baki ya ambaci sunan yayan matarsa a gaban hukuma ba, ko za a yanka shi. Ya hana ni ma in faɗa. Su kuwa mutanen gari da suka ji ya ƙi magana, sai suka yanke cewa shi ya saya ya sha, tsoron mutuwa ne ya sa ya tona kansa. Yanzu har tserensa uku na baya ana cewa na ƙwaya ne. Mutumin da na san asubar da ya ci a kan hanya, na san ƙurajen da sirdi ya fitar masa, yau wai ɗan ƙwaya.

Kuma abin bai tsaya a kansa ba. Kamfanin da ke ba da kyautar keke duk shekara ya janye. Hedimastanmu ya soke tseren yara da muke yi ƙarshen zango, ya ce iyaye sun koka. Duk wanda ya wuce da gudu a kan keke, ko ɗan aike ne, sai ka ji masu shago suna yi masa ihun ƙwaya. Ashe kuma akwai wasu cikin 'yan tseren da suka daɗe suna sha a ɓoye, su ne yanzu suka fi kowa jin haushinsa, ko gaisuwarsa ba sa amsawa. Wani babban jami'i ya zo daga Bauchi ya ce idan kwamiti ya zauna ƙarshen watan nan ba a gano bakin zaren ba, za a cire sunan Baban Bilkisu daga cikin masu zuwa gasar ƙasa a Kaduna baɗi, a hana shi tsere har abada, a kuma cire tseren keke daga bikin 'yancin kai na Gombe. Noah dai Allah ya saka masa. Ya ƙi karɓar kofin. Ya zo har gida da matarsa Lois suka gaishe mu, ya ce ya daɗe yana bin bayan mutumin nan, ya san ƙafarsa, ba zai ɗauki komai ba sai gaskiya ta fito.

Na je wurin Iya. Ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce idan sunan Yuguda ya shiga ofis, 'yan sanda za su shigo, a ƙwace masa lasin, mai mota ya kore shi, to ita da 'ya'yansa su ci me? Ta ce keke ai wasa ne, mota kuwa abinci ce. Shi kuma Yaya fushi ma yake yi. A ganinsa ya yi alheri an watsa masa ƙasa a ido. Ya ce duk tashar Gombe wa ba ya sha, ai ko likita ƙwaya yake bayarwa. Yanzu yana Ikko yana jiran lodi, ana sa ran dawowarsa kafin zaman kwamitin.

Baban Bilkisu har yau yana fita da asuba, sai dai ya daina bin cikin gari. Bai taɓa yi mini gori ba, ko da wasa. Wannan shirun nasa shi ya fi ci mini rai. Ni na dama kunun, ɗan'uwana ya ɓata shi, amma mijina ne yake ɗauke da kunyar. Rannan na sa mayafi zan tafi ofishin wasanni in faɗi komai, na kai bakin titi na tuna Iya na dawo. In na faɗa, na tona asirin wanda ya raine ni, na kuma saɓa wa mijina. In na yi shiru, ina kallo za a raba mutumin kirki da abin da ya fi so a duniya, a bar shi da sunan da ba nasa ba. Na san in kika buga wannan, mutanen Gombe za su gane mu ko da na sake sunaye. Na bar miki wannan, ni dai na gaji da ɓoyo. Gwaggo, in je in faɗa ko in yi shiru?

Taki,
Maman Bilkisu, Gombe.

*

'Yata Maman Bilkisu,

Kafin komai, ki gaishe mini da maigidanki gaisuwa ta girmamawa. Na daɗe ina amsa wasiƙu a wannan fili, yawancinsu na mutanen da aka kama ne suna neman mafita. Ban saba da wanda ba a kama ba ya kai kansa. Alfaharin da kike yi da shi daidai ne, kada ki rage ko kaɗan. Wannan amsa na aika miki ita ta gidan waya tun da wuri, na kuma roƙi edita ya riƙe wasiƙarki sai bayan zaman kwamitin, don kada yayanki ya fara jin maganar a tasha.

Na yarda Yuguda ba mugu ba ne. Ƙauna ce ta sa shi, da son a ce surukinsa ya ci a ranarsa. Amma ki kira abin da sunansa. Ya zuba wa mutum magani a ciki ba da saninsa ba, mutumin kuma yana tsakiyar gudu cikin rana, zuciyarsa tana aiki iyakar ƙarfinta. A ƙasashen Turai, inda ake tseren keke don neman abinci, irin wannan ƙwaya ta kashe mutane a kan sirdi, ta kuma zubar da mutuncin wasan har 'yan kallo suka daina yarda da wanda ya ci. Da Allah bai tsare ba, da ba maganar kofi ake yi ba yanzu, da kina takaba. Yayanki bai san wannan ba, kuma ba zai ga laifinsa ba sai ya sani.

Shi kuma maigidanki, kunyar da yake yi wa surukinsa tarbiyya ce, ba zan ce ya karya ta ba. Sai dai ya lura shirun ba shi kaɗai yake cutarwa ba. Noah yana nan da nasarar da ya ci ya kasa ɗauka. Yaran makarantarku an hana su tserensu. Masu sha a ɓoye kuwa sun samu inuwa, domin muddin ana nuna mutum ɗaya da yatsa ba wanda zai dube su. Mutum yana da ikon yafe abin da aka yi masa, amma ba shi da ikon yafe na sauran jama'a.

Saboda haka ga shawarata. Kada ki tafi ofishin nan a bayan idon mazan nan biyu. In kin yi haka za ki wanke ɗaya ki rasa amanar duka biyun. Wanda ya kamata ya je shi ne wanda ya zuba. Ranar da Yuguda ya dawo, ki bari ya huta ya ci abinci, sannan ki same shi, ba a gaban mijinki ba, ba kuma a gaban matarsa ba. Ki tafi da kawunku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa. Kada ki fara da faɗa, ya riga ya hau dokin zuciya. Ki gaya masa abin da kika gani da idonki a kwana biyun nan, da abin da ake kiran mijinki a kasuwa, da kuma cewa an matsa masa ya faɗi suna ya ƙi. Ina zaton wannan na ƙarshe bai sani ba. In da hali ku kai shi wurin malamin asibitin nan ya ji daga bakinsa.

Tsoron Iya ba na banza ba ne, kuma ba zan yi miki alkawarin cewa ba abin da zai samu Yuguda ba. Amma kwamitin wasanni ba kotu ba ne, kuma wanda ya kawo kansa da dattijo a gefensa ya ce jahilci ne ya sa shi, ba a yi masa irin hukuncin wanda aka tono. Ki kuma gaya wa Iya a hankali cewa akwai abin da ya fi kwamiti ban tsoro. Ɗanta yana tuƙa babbar mota daga Ikko zuwa Gombe da ƙwayar nan a kansa. Wanda ya hana idonsa barci da ƙarfi, wata rana barcin zai zo masa ba sallama, a kan titi, da rayukan mutane a gabansa. In wannan magana ta zama sanadin da ya daina, to ita ce ta fi kowa cin riba.

Kafin ki je wurin yayanki, ki gaya wa maigidanki inda za ki. Ba ki ce ya faɗi sunan kowa ba, ba ki kuma je hukuma ba, wurin ɗan'uwanki za ki, wannan kuwa haƙƙinki ne. Idan Yuguda ya ji duk wannan ya ce ba zai je ba, to sai ki sanar da su biyun, ido da ido, cewa ranar zaman kwamiti za ki tsaya ki faɗi abin da kika sani game da kunun da kika dama da hannunki. Za a yi fushi da ke na ɗan lokaci. Ki daure. Idan kuma aka ba ku dama a wurin, ku roƙi kwamiti kada su kashe tseren, su gyara shi. Su riƙa duba abin da ake miƙa wa 'yan tsere a hanya, ko su kawo ruwa ɗaya kowa ya sha.

Wataƙila duk da haka Kaduna ta wuce shi baɗi, ki shirya wa wannan a ranki. Sunansa ne ba za a bari ya tafi ba. Ki sani a duk faɗin Gombe akwai mutum ɗaya da ba zai taɓa roƙon Yuguda ya yi magana ba, ko da za a raba shi da keke har ƙarshen ransa, shi ne mijinki. Shi ya sa roƙon ya faɗo a kanki, kuma ba wanda zai yi shi in ba ke ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya da taushin harshe, ya buɗe wa yayanki ido, ya sanyaya ran Iya, ya kuma mayar da Baban Bilkisu kan hanya da kansa a ɗage.

Taku,
Gwaggo Delu.